Dundumin Mati

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, masu mota da yawa a yankinmu suka jingine motocinsu a gindin bishiya, kaji suka samu akurki. Mati bai jingine tasa ba. Tsohuwar mota ce mai dogon baya, ta girmi wasu matan auren garin, an rubuta mata "Tsohuwar Zuma" da jan fenti a baya, kuma sunan da kowa ke kiranta ke nan daga Tsanyawa har Bagwai. Da ita yake kwaso tumatir da albasa daga fadamun Bagwai da sanyin asuba, da ita yake dawo da 'yan kasuwa bayan magariba. Abin da gonarsa ke bayarwa ba ya kai gidan shekara, motar ce ke cike giɓin. Shi kuwa mutum ne mai wadatar zuci. In ka tambaye shi ya tsada, sai ya ce tsada tana nan lafiya, shi ma yana nan lafiya.

Abu ɗaya ne ya shiga tsakaninsa da barci, bai kuma gaya wa kowa ba. Da rana ta faɗi, hanya sai ta ɓace masa. Ya kunna fitila, ya ga kamar an watsa ruwan koko a gabansa, taku goma ba ya wuce nan. Ya sake ƙwan fitila har sau biyu, abin bai canja ba. To, in ba ƙwai ba ne, mene ne? Mahaifinsa da dundumi ya fara, wato rashin gani in duhu ya shigo, ya ƙare Mati ne ke riƙe masa sanda zuwa masallaci shekara bakwai. Saboda haka Mati ya yanke wa kansa hukunci: gado ne ya iso. Ya shiga sayen hanta a ɓoye wurin mai tsire, don an ce tana magani, yana ci a bayan tasha kamar ɓarawo. Tsoro kuwa ya sa ko a farin wata sai ya yi tuntuɓe.

Ana cikin kaka abin ya fito fili. Ya taso daga kasuwar Tsanyawa bayan magariba da mutum bakwai, sai ga amalanken shanu a tsakiyar hanya, an lafta masa karan dawa. Bai gan shi ba sai da ya kusa shiga ƙarƙashinsa. Ya murɗe sitiyari, Tsohuwar Zuma ta faɗa gonar wake ta tsaya. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane, amma baki bakwai ne suka sauka daga motar nan. Kafin gari ya waye labari ya isa Kano wurin ɗansa Sama'ilu, tela, magidanci mai 'ya'ya huɗu.

Sama'ilu ɗan fari ne, tsakaninsa da uban sai kunya. Mati bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wannan yaron", ko da yake yaron ya fara furfura. Don haka da ya zo, bai doshi uban da maganar ba. Ya bi ta hannun Malam Uwaisu, taubashin Mati, malamin allo wanda kuma yake sassaƙa alluna da itacen aduwa. Saƙon shi ne Baba ya huta haka, kada a ɗauki ran wani. Malam ya shirya jin tsiya, amma Mati ya zaro mukulli daga aljihu ya miƙa masa ba musu, shi kuma ya kai wa Sama'ilu. Aka tsayar da magana: ran Asabar Sama'ilu zai dawo ya tafi da motar birni a sayar.

Safiyar Asabar Mati ya ɗebo ruwa ya hau wanke mota a ƙofar gida, yana yi a hankali kamar mai wanke jariri. Baƙin ciki yake ji sosai, ba na motar kaɗai ba. Shekara talatin yana kai mutane inda za su, yanzu shi za a riƙa kaiwa.

Malam Uwaisu ya fito da butarsa, ya tsaya.

"Wa ya ga makaho da wankin mota! Ka tabbata taka ce kake wankewa?"

"Wuce ka ba ni wuri, mai kan allo," in ji Mati.

Malam bai wuce ba. Ya jingina da gaban motar, ya ɗora tafin hannu a kan fitilar dama, yana shirin ƙara wata tsokanar, sai ya fasa. Hannun mai sassaƙa ba ya taɓa abu a banza. Ya shafa, ya sake shafawa, ya durƙusa ya kai ido kusa. Murfin fitilar roba ce, ba gilashi ba, ta yi rawaya kamar tsohon haƙori, amma wannan ba abin mamaki ba ne, duk tsohuwar mota haka take. Abin da ya tsayar da shi kaushin ne.

"Mati, wa ke kankare maka fitila?"

"Kankarewa kuma? Ba kowa."

"Zo ka gani. Rana tana cin roba, na sani, amma rana ba ta zagaye. Dubi yadda zanen ya bi da'ira, yana komawa inda ya fara. Wannan hannun mai wanke tukunya ne."

Can bayan ƙyauren zaure aka ji kwano ya faɗi. Kulu ce, matar Mati, wadda duk maganar nan a kunnenta aka yi. Ta leƙo da mayafi ta rufe rabin fuska.

"Malam, ni ce," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Tun bara na ga yana matse ido in zai fita da asuba. Na ga fitilar ta dafe. Shi ne in ya tafi masallaci nake fitowa da toka da ɗan yashi da soson ƙarfe in goge masa. Ai in na zuba ruwa sai ta yi tas."

"In ta bushe fa?" in ji Malam.

"In ta bushe ya riga ya tafi."

Malam Uwaisu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Mati bai yi dariya ba. Ya dubi matarsa, ya lissafa asubahin shekara guda da ta yi tana fitowa cikin sanyi ba ta taɓa faɗa ba, shi yana ɓoye mata tsoronsa, ita tana ɓoye masa ta gane. Tausayinta ya kama shi, har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Na lalata ko?" Kulu ta tambaya.

"Kin yi aikin da kika iya," Mati ya ce. "Shiga ciki ki dama mana fura."

Malam ya ce ya taɓa zama a garejin masu fentin mota a Bichi yana jiran wani, ya ga yadda suke dawo da irin wannan fitila, kuma bai ga abin da suka yi da ya wuce aikin allo ba. Sabuwar fitila kuwa a wannan shekara sai wanda ya sayar da tunkiya. Ya tafi gida ya dawo da samfefa, takardar da yake goge alluna da ita, iri uku, mai kaushi da matsakaiciya da wata mai laushi kamar ganye, da makilin na goge baki, da yankin tsohon rawani. Mati ya ce a rufe fentin gefe kada ya karce. Malam ya duba ya ce bai ga fentin ba.

Ya fara da ta dama. Mati na tsiyaya ruwa daga buta, shi yana gugawa da mai kaushin, daga hagu zuwa dama kawai, ba zagaye. Ruwan da ke gangarowa ya fito rawaya kamar kunun tsamiya. Da suka tsaya ta sha iska, fitilar ta koma fari fat, ko ƙwan da ke ciki ba a gani.

"Innalillahi!" Mati ya dafe kai. "Ka ƙarasa ta! Da can ai tana ɗan gani. Yanzu wa zai saye ta haka?"

"Au, ashe kana ganin ɓarna? Makaho mai ido."

"Uwaisu, ba wasa nake ba."

"Ni ma. Allo in ba ka ci fuskarsa duka ba, ba ya yin sumul. Kowace samfefa zanen wadda ta gabace ta take sharewa, ta bar nata ƙarami. Zuba ruwa, ka bar min surutu."

Ya ɗauki matsakaiciyar ya bi daga sama zuwa ƙasa, ya daɗe. Ya koma mai laushin ya fi daɗewa. Suka tashi suka yi azahar suka dawo. Farin nan ya riƙa sirancewa, daga nono ya koma tsararo, har inuwar ƙwan ta fara bayyana. Sannan Malam ya matsa makilin a kan rawani, ya hau murza da ƙarfinsa duka, gumi na bin gemunsa. Da ya wanke ya share, Mati ya ga fuskarsa a ciki, da hularsa, da bishiyar darbejiyar da ke bayansa. Malam ya ce sai an kai ta Bichi an fesa mata ruwan sheƙi, in ba haka ba rana za ta sake cinye ta kafin baɗi.

Mati ya miƙa masa buta don a kama ta hagu. Malam ya nannaɗe samfefarsa.

"Wannan a bar ta tukun. Ina da aiki da ita."

Sama'ilu ya iso bayan la'asar, ya durƙusa ya gaida uban, kowa na kallon gefe. Malam ya riƙe shi da hira har aka yi magariba. Da duhu ya fara shiga, ya sa aka juya motar ta fuskanci hanyar da ta ratsa gonaki, ya ɗauko tabarma ya rufe fitilar dama ruf.

"Sama'ilu, mukulli na hannunka. Shiga ka kunna."

Ya shiga ya tayar, ya kunna fitila. Ta hagu ta zubo ɗan haskenta a gaban taya.

"Me ka gani a hanya?"

Sama'ilu ya matse ido, ya kai goshi jikin gilashi. "Kawu, ban ga komai ba."

"Subhanallahi, kai ma? Mati, dundumin nan ya gama da zuri'arka. Fito, ba ubanka wuri."

Mati ya zauna a kujerarsa. Har yanzu bai yarda ba. Fitila ta yi kyau, ya gani da rana, amma in aka ɗaga tabarmar nan ya ga ruwan kokon nan dai, to ba sauran abin da zai laɓe a bayansa, kuma a gaban ɗansa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya yi bisimilla.

Malam ya janye tabarma.

Haske ya miƙe ɗoɗar har gindin kukar da ke kan kwana. Mati ya ga kututturan gero a jere a bakin gona. Ya ga ramin da ya sha faɗawa. Can nesa ya ga wani abu yana motsi.

"Jakin maƙwabcinmu Badaru ne," ya ce. "Ya tsinke igiya, ga ta yana ja. Ƙafar baya ta hagu yake ɗingisawa."

Sama'ilu ya leƙa ta taga, ya daɗe yana dubawa kafin ya gano igiyar. Daga zaure Kulu ta ce alhamdulillahi har sau uku. Mati ya sa hannun riga ya share fuska, bai damu da wanda ya gani ba. Daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba tun ranar da ya sayi motar.

Ya kashe inji ya fito. Sama'ilu ya zare mukullin, ya durƙusa a gaban uban, ya miƙa da hannu biyu, kansa a ƙasa.

"Baba, a yafe mini. Na yi gaggawa."

Mati ya karɓa. Ya ɗan tsaya yana juya mukullin, sannan ya dubi ɗansa ido cikin ido, abin da bai saba ba.

"Ba ka yi laifi ba, ran mutane ka duba. Ranar tana nan tafe, ni ma na sani. In idon ya tafi da gaske, ba sai ka aiko kowa ba. Ni zan kawo maka shi da hannuna."