Jan Ɗigon Sista Talatu

Katin awo dubu huɗu da ɗoriya Ummulkhairi ta kwafe cikin kwamfuta, ba don wani ya sa ta ba. Aikinta a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke Tarauni bai wuce ɗauko kati da mayar da kati ba, amma ilimin kwamfuta ta karanta, kuma ta gaji da ganin nas uku suna fama da mata ɗari biyu ranar awo. Kowane kati na da gurabe arba'in da shida da ake cikewa. Wa ke da lokacin duba su duka? So take ta tsamo biyar ko shida waɗanda da nas ta kalla za ta gane macen da haihuwa za ta zo wa da jijjiga ko zubar jini, a tura ta babban asibiti tun da wuri. Ita kanta cikin wata bakwai gare ta, na fari, kuma tsoro take ji ƙwarai.

Kayan aikin kyauta ne. Wasu masana ne suka rubuta manhajoji suka zuba a intanet, kowa ya ɗauka, wanda ya iya ya gyara. A cikinsu akwai dabarar tace bayanai: ka ba ta gurabenka da labarin yadda kowace haihuwa ta ƙare, sai ta riƙa cire gurbi ɗaya-ɗaya tana gwadawa, wanda aka cire ba a ji rashinsa ba ta watsar, kamar mai tsintar wake.

To, Ummulkhairi irin mutanen nan ce da ko ƙuda ya mutu a kan takarda sai sun rubuta. Ta lura wasu katunan na da ɗan ɗigo na jan biro a kusurwar sama, sai ta ƙara masa gurbi nasa, na arba'in da bakwai, don kada a ce ta bar wani abu.

Manhajar ta watsar da tsayi, ta watsar da unguwa da sana'ar miji, ta bar awon jini da shekaru da 'yan kaɗan. A samansu duka kuma, da tazara mai nisa, ta ɗora jan ɗigon nan. Idan yana ciki, cikin mata goma da suka sha wuya takan kama takwas. Idan aka cire shi, ba ta fi mai cinke da komai ba. Ummulkhairi ta sauya dabara har sau uku, amsar ba ta motsa ba. Ta juya tambayar, ta ce a nemo mata abin da ke sa a yi ɗigon daga sauran guraben. Babu.

Sista Firdausi, babbar nas ta yanzu, ta yi dariya da aka tambaye ta. Ta ce ai na Sista Talatu ne, wadda ta riƙe kujerar kafin ita, su duk ɗauka suke gwada biro take yi. Takan ɗiga, ta ce wa mace ta dawo jibi, shi ke nan. Shekara talatin da ɗaya matar nan tana kallon masu ciki, ranar da ta yi ritaya aka yi mata walima, aka ba ta atamfa da fulas, aka yi hotuna, ba a sami mutum ɗaya da ya ce, me kike gani ne idan kin ɗiga? Wata uku bayan haka ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke.

Ummulkhairi ta rubuta matsalarta a dandalin masu manhajar. Wani daga ƙasar da ba ta taɓa zuwa ba ya amsa mata cikin ladabi: abin da matar ta gani ba ya cikin bayananki, babu lissafin da zai fito da shi, je ki tambaye ta.

Ranar Asabar da hantsi ta hau adaidaita sahu zuwa Gyadi-Gyadi. Lawan, babban ɗan Sista Talatu, ya shigar da ita ɗaki, yana faɗa mata a hankali cewa ji tana ji sarai, amsa ce babu. Tsohuwar na jingine da matashi, baki ya karkace, idanu dai garau. Ummulkhairi ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi bayani, sannan ta shiga jero tambayoyi. Kumburin fuska ne? Launin ido? Yadda mace ke zama a benci? Ga kowace tambaya tsohuwar ta yi ƙoƙari, leɓe ya motsa, sauti ɗaya ya fito, iri ɗaya kowane karo. Hawaye ya gangaro mata ta gefe guda, Lawan ya goge.

A nan Ummulkhairi ta san aikinta ya mutu. Ta tashi za ta yi sallama, sai ta ga idanun nan ba fuskarta suke kallo ba. Sun sauka kan ƙafafunta, sun hau kan hannuwanta, sun tsaya a kan cikinta, sun daɗe.

Ta buɗe jaka ta ciro nata katin awon da jan biro, ta sa wa tsohuwar biron a hannun hagu, mai ɗan sauran motsi, ta riƙe katin a ƙasansa.

"Inna, ni fa? Ki duba ni."

Hannun na rawa. Ya sauko a hankali, bakin biron ya taɓa katin kusa da kusurwa, sannan biron ya suɓuce ya faɗi kan tabarma. Ɗan ja ya fito, ba ɗigo sosai ba, ba zane ba.

Ta juya wajen Lawan. "Yaya, ɗigawa ta yi, ko hannun ne?"

Ya daɗe yana kallon katin.

"Wallahi ban sani ba," ya ce. "Ko cokali aka ba ta, haka yake yi."