Muryar Dursun

Ni da Dursun mun tsufa a shagon shayin lungun 'yan fim da ke unguwar Beyoğlu a Istanbul, muna jiran a leƙo a ce ana neman waɗanda za a daka. Sana'armu ke nan. Jarumi ya kai naushi, mu kuma mu zube a kan tebur. Kwat ɗaya gare mu, wanda aka kira shi ke sakawa. Ni tuni na haƙura, in dai za a samu miyar wake da burodi. Dursun bai taɓa haƙura ba, kuma wallahi burin nan nasa ya fi dukan gajiyar da ni.

"Sabri, magana ɗaya kawai nake so a ba ni," in ji shi. "Inna ta ji ni a silima, shi ke nan."

"Da wannan muryar taka ta kiran awaki?" na ce.

Mahaifiyarsa, Inna Gülizar, ta makance tun muna ƙauye a Sivas. Fuskarsa a majigi ba ta da wani amfani a wurinta.

Ran nan aka zo neman wanda zai fito a direba, ya yi 'yar magana kafin a lakaɗa masa duka. Ni aka nuna. Na ce haƙorina ke ciwo, na miƙa wa Dursun kwat.

To, a wurinmu ba a ɗaukar murya tare da hoto. Sai an gama fim ake kiran masu lafazin birni su shiga ɗaki su ɗora magana a bakin kowa. Dursun ya sani sarai, amma ya nace wa mataimakin darakta har mutumin ya gaji ya ce, "Zo ranar, ma gani." Ranar ta zo, aka tsayar da shi a ƙarshen ɗaki tare da irinmu, suka yi ihu da nishin faɗa, aka sallame su. Maganar direba kuwa wani ɗan gayu aka ba. Ga shi Dursun ya riga ya aika ƙauye a sako Inna a mota.

"Ka rufa min asiri, ɗan'uwa," ya ce. "Duk abin da na faɗa, ka ce haka ne."

Muka kai ta kallon rana, muka sa ta a tsakiya. Direba ya fito da kwat ɗinmu, ya buɗe baki, wata murya mai santsi ta cika silima.

"Inna, ni ne wannan," in ji Dursun.

Ta karkata kai, ta kasa kunne.

"Shi ne, Inna," na ce. "Birni ne ya goge masa harshe."

"Uhm," ta ce, ta gyara ɗankwalinta.

Sai jarumi ya kai naushi. Direba ya faɗi, aka ji wata ƙara daga can cikin ciki: "Wayyo Inna!"

Tsohuwar ta miƙe zumbur. "Dursun! Wa ke dukar min ɗa?"

'Yan kallo suka fashe da dariya, wani daga baya ya ce a zaunar da baba. Ba ta ji su ba. Ta laluba ta kamo fuskarsa, ta shafa hancin da aka taɓa karyawa, ta gangaro zuwa haƙarƙari tana latsawa a hankali.

"Duk shekarun nan," ta ce, "abin da kake yi a Istanbul ke nan?"

Dursun ya mai da idonsa gaba. A majigi ba a gama dukansa ba tukuna, kuma duk ihun nasa ne.