Motar da Ta Kasa Ɗaukar Tunduk

Ƙanena Saginbek bai taɓa son wani abu kamar yadda ya so motar nan ba. Shekara da shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Bishkek da Narin da tsohuwar motarsa mai haɗa fetur da batir, mai ƙaton baya, wadda ke haɗiye fasinja da buhunan dankali har da rago a ɗaure. Da masu ƙera ta suka sake mata fasali, sai ya sayar da tsohuwar ya sayo sabuwa. Sun danne rufin, sun zubar da bayan kamar na kifi, sun sauke ta har cikinta na neman shafar ƙasa.

"Eje, iska ce ke shanye mai, ba hanya ba," ya ce da ni, da sunan da ƙanne ke kiran yayarsu mace a wajenmu, yana goge ta da hannun rigarsa. "Wannan ba ta kokawa da iska, sulɓewa take yi. Yanzu sai in je Narin in dawo ban leƙa gidan mai ba."

"Mu da za mu zauna a baya fa? A gida za mu bar wuyanmu?"

"Ke dai ba ki iya yabo ba."

Apa, mahaifiyarmu, ita ce ta fara shiga. Ta sunkuya, ƙofar ta zame mata ɗankwali, ta gyara, ta waiga ta dubi bayan motar. "Ta yi kyau, auta," ta ce. "Amma ina za a sa gida?" Ya yi dariya, ni ma na yi.

Da bazara ta shigo, ciwon Apa ya yi tsanani. Likita ya ce mu mayar da ita gida mu ba ta duk abin da ranta ke so. A gidana take, a gefen birni, kuma abu ɗaya ta roƙa. Ta ce a kafa mata bukkar gashin tumaki irin ta makiyayanmu a tsakar gida, ta kwanta tana kallon sama ta cikin tundukin babanmu, zoben katakon nan da ke riƙe rufin bukka, inda hayaƙi ke fita. A ƙarƙashinsa ta haife mu duka. Tun rasuwar Ata, mahaifinmu, yake rataye a ƙauye, kuma na Saginbek ne, tunda a al'adarmu auta ke gadonsa.

"Apa, bukka a tsakar gida a cikin birni?" in ji Saginbek. "A nan sai an yi mutuwa ake kafa ta. Maƙwabta za su zata an yi rasuwa, su shigo da kuka."

"Su shigo, in ba su shayi," ta ce. "Ni dai in gan shi da idona."

Maƙwabciyata Kalbubu ta ce tana da sanduna da shimfiɗun gashi, tunduk kawai za mu kawo. Muka bar Apa a hannunta da na mijina, ni da Saginbek muka je muka kwana a ƙauye, da niyyar mu iso gida kafin azahar.

Da sassafe ƙanen babanmu, Jumakadir, ya sauko mana da shi. Baƙi wuluk ne saboda hayaƙi, har yanzu yana ƙamshin wutar kashin tumaki. A tsohuwar mota, kujerun baya kawai ake kwantarwa a zura shi a karkace, duk shekara haka ake yi lokacin da Ata ke raye. Saginbek ya kwantar da kujeru, ya zura, gilashin baya ya tokare. Ya juya shi, ya tokare. Ya gwada ta ƙofar gefe, ko rabi bai shiga ba.

Jumakadir ya tsuguna yana kallo. "Yaro, wanda ya zana motar nan ba shi da dangi."

"Da za a zare sandunan tsakiya..." Saginbek bai ƙarasa ba.

"Kakanka ya lanƙwasa su da hannunsa. Taɓa mu gani."

Babbar motar ƙauyen ta hau makiyaya da kayan mutane, ba ranar dawowa. Sai dai a ɗora a rufi. Ita kuwa motar ba ta da ƙarfen ɗora kaya, don Saginbek ya ƙi sawa tun farko, wai yana ɓata mata tafiya a iska. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da na ga fuskarsa sai na je na ɗauko igiya. Muka shimfiɗa dardumar gashi a kan rufin, muka ɗora tunduk, muka zarge igiya ta cikin ƙofofi. Rufin santsi ne kuma a gangare, ba inda katako zai zauna.

Kafin mu tashi na buga waya. Mijina ya kara wa Apa a kunne. "Kun ɗauko?" ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Mun ɗauko, Apa."

"Ki ce wa auta kada ya yi gudu da shi."

Ba ta san ko yana so ba zai iya ba. Da ya ɗan taka, sai iska ta shiga ƙarƙashin tunduk ta ɗaga shi, igiya ta yi ƙara a kan kawunanmu. Motar da aka yi don ta sulɓe wa iska, ran nan iska ta samu abin kamawa. A hawan dutsen Dolon katakon ya zame baya har ya rufe gilashi. Muka tsaya muka sake ɗauri, yatsunmu na daskarewa don sanyin kan dutse. Muka yi gaba kaɗan, muka sake tsayawa. Manyan motocin kwal suna wuce mu suna danna mana ƙaho. Saginbek ya sauke gilashi ya fitar da hannu ɗaya ya riƙe bakin tunduk, haka ya yi ta tuƙi, hannun ya yi ja, ya koma shuɗi.

"Maido hannunka, mahaukaci," na ce.

"Bar ni, Eje."

Azahar ta same mu ko rabin hanya ba mu yi ba. Na sake kira. Mijina ya daɗe bai ɗauka ba, da ya ɗauka ya ce, "Tana barci. Ku taho a hankali." Na roƙi ya ba ni Kalbubu, ya ce ta fita. Na san mutanenmu, ba a faɗa wa ɗa irin wannan labari yana kan hanya. Na kifa wayar a cinyata.

"Me ya ce?" in ji Saginbek.

"Wai tana barci."

Bai sake tambaya ba, bai kuma maido hannun ba.

Rana ta yi sanyi muka shiga layinmu. Tun daga nesa na hango kan bukka ya leƙo ta saman katangata, ga motoci jere a ƙofa. Bukkar haya ce, irin mai ƙarfe, tundukinta ja da fenti. Saginbek ya tsayar da mota a tsakiyar hanya, ya fita bai rufe ƙofa ba, ya dafa ƙugu ya nufi gidan yana kiran Apa da ƙarfi, yadda mazanmu ke yi in sun zo gidan rasuwa. Ban taɓa jin murya irin wannan daga bakinsa ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Kalbubu ta rungume ni ta ce tun hantsi Apa ke sa a buɗe mata taga tana tambaya ko mun iso, kafin azahar kaɗan ta daina tambaya. Dattawa suka ce a bar bukkar yadda take, an riga an kafa. Na ce wallahi uwata ba za ta kwana ƙarƙashin ƙarfen haya ba. Na yi ta faɗa har suka gaji, suka sauke ta, aka kafa sandunan Kalbubu, aka ɗaga tundukinmu. Muka kwantar da ita a ƙarƙashinsa. Sama ta fito tas ta cikin zoben, fuskar Apa kuwa a rufe.

Bayan sadakar arba'in Saginbek ya kai motar wurin mai walda, aka ɗora mata ƙarfen kaya, ƙato, mummuna. Yanzu tana shan mai, tana kuka a iska tun daga Bishkek har Narin, fasinja suna ƙorafi. Bai taɓa ɗora komai a kai ba.