Wanda Ya Tada Inji

A shekarar 1988 Rabo ya rasa hannunsa na dama a wurin fasa dutse na wani ɗan kwangila, gabas da Malbaza. Shi ke kula da injin niƙa tsakuwa. Dokar wurin ita ce, duk mai tada inji sai ya buga wani ƙarfe da aka rataye, sau uku, ya leƙa ya ga ba kowa ciki. Amma da aka shekara shida ko yatsa ba wanda ya yanke, sai aka koma bugu ɗaya, daga baya aka daina. Dogo, shef ɗinsu, wato shugaban ma'aikata, shi ne ya fara cewa, "Mu yara ne? Kowa ya san aikinai."

Ranar da abin ya faru, dutse ne ya maƙale. Rabo ya kashe inji ya zura hannu. Dogo ya iso ya tarar da kamyo biyu, manyan motocin kaya, na jiran lodi, ya danna maɓalli bai duba ba.

Rabo na kwance asibiti, Dogo ya shiga buro, wato ofis, ya shaida wa mai wurin cewa Rabo ne ya sa hannu inji na gudu. Waɗanda suka gani suka ja bakinsu, kowa na tsoron rasa abincinsa. Haka aka rubuta a takarda. Da ya warke aka ba shi gadin ƙofa, wai don tausayi.

Matarsa Balki takan ce, "Malam, ka bar ma Allah."

"Hannun na bar mishi," in ji shi. "Ƙaryar ce ta tsaya mini a wuya."

Shekara uku yana buɗe wa Dogo ƙofa, yana gaishe shi, yana jira. Ya san halin mutumin bai sake ba.

Wata Talata bayan azahar, ma'aikata na cin abinci a inuwar gawo, Dogo ya ɗauki sandar ƙarfe ya shiga bakin injin har ƙugu, zai ɓanɓare dutse. Bai gaya wa kowa ba. Rabo ya baro ƙofa a hankali, ya tsaya gaban maɓalli, ya ɗora dungulmin hannunsa a kai.

"Shef."

Dogo ya waiwayo. Sandar ta kuɓuce masa.

"Kada ka motsa. Kamin ka hito na danna."

"Rabo, don girman Allah! Ina da iyali."

"Ni ba ni da su? Kira mutane."

Dogo ya ƙwala kira. Ma'aikata suka taso da gudu, suka yi cirko-cirko. Tanimun, dattijon cikinsu, ya ce, "Rabo, ji tsoron Allah."

"Baba, kai ma kana nan rannan, ba ka ce komi ba. Shef, wa ya tada inji?"

"Ni ne."

"Ɗaga murya."

"Ni na tada! Ban duba ba! Ƙarya na yi maka!"

Rabo bai ɗauke dungulminsa daga maɓallin ba. Ya daɗe yana kallon ƙafafun Dogo tsakanin haƙoran ƙarfen, kuma Allah ya sani ransa ya so. Sannan ya janye hannu, ya tofar da yawu, ya koma ƙofa.

Maganar ta kai buro tun kafin la'asar. Mutum tara suka ba da shaida, aka sake takarda, aka sallami Dogo. Shi ma Rabo aka sallame shi, don mai wurin ya ce ba ya ajiye mai barazanar kisa. Mati, da aka naɗa sabon shef, ya sa aka yi wa maɓallin akwati da kwaɗo, duk mai shiga inji da makullin a aljihunsa yake shiga.

Da damina Dogo ya aiko dattawa biyu daga garin Dogarawa su roƙa masa gafara. Rabo ya shimfiɗa musu tabarma, Balki ta kawo fura, ya saurare su har suka gama.

"Ku gaishe shi," ya ce. "Ku ce ban yafe ba."