Zalika, Cire Hannunki

Kai, Allah ya shirya Ari! Tun yana ɗan makaranta a Magarya ya saka wa ordinatarsa, wato kwamfuta, wata gaisuwa, da an kunna sai ta fito ɓaro-ɓaro: "Wannan na'ura ta Ari ce. Zalika, cire hannunki." Ya kulle rubutun tamau, ya sha dariyarsa, ya manta. Da zai tafi Agadas neman na kansa, ya bar wa ƙanwar tasa na'urar kyauta.

To, ga Zalika ta kama ɗan shago kusa da tashar kabu-kabu a Dungas, za ta riƙa buga wa mutane takardu. Gobe kasuwa, gobe za ta buɗe. Murna har ta hana ta zama wuri ɗaya. Sai Goggo, wadda ta raine su tun rasuwar mahaifiyarsu, ta kafe a bakin ƙofa.

"Ba inda na'urar nan za ta je. Amanar Ari ce."

"Haba Goggo! Ba da kunnenki kika ji shi a waya ya ce ya ba ni ba?"

"Na ji. Amma ita abar da kanta me take cewa? Mushe Kolo ya karanta mini."

Mushe Kolo maƙwabcinsu ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe. Zalika ta kira Ari, gogan naka ya fashe da dariya har da tari, wai wallahi ya manta yadda ya yi. Ta kashe wayar, ta kira ƙawarta Ruma'isa da ke gyaran ordinata a Damagaram.

"Rubuta regedit," in ji Ruma'isa. "Nan ne rumbun da na'ura ke ajiye dokokinta. Ki bi a hankali, kar ki taɓa abin da ban ce ba, in ba haka ba sai ki kwana kina kuka."

Zalika ta bi, ɗaki cikin ɗaki, har ta iske maganar Ari kwance abinta. Ta goge, ta danna. Na'ura ta ce ba ta da izini.

"Ni? Ni ce ba ni da izini?"

"Duba wurin da aka rubuta mai shi. Sunan wa?"

"Ari mana, ɗan banza!"

"To cire, sa naki."

Ta sa. Sunanta ya zauna daram a gurbin. Wayyo daɗi! Ta yi tsalle ta rangaɗa guɗa, ta zagaya turmi tana rawa, kaji suka watse, ɗankwali ya faɗi ba ta ko waiwaya ba. Goggo na tsince wake a faifai, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ta dawo tana haki, ta sake gogewa. Na'ura ta ce ba ta da izini.

"Ruma'isa, abar nan aljanu gare ta! Tawa ce fa yanzu!"

Ruma'isa dariya har da shessheƙa. "Taki ce, amma ba ki ba kanki izini ba. Mallaka daban, izini daban. Yanzu ba wanda zai ba ki, ke za ki ba kanki. Nemi sunanki a jerin nan, ki danna cikakken iko."

Zalika ta tsaya, yatsa a sama. Ita da ko rijiya za ta sai ta nemi izinin Goggo? Ta danna. Rubutun Ari ya goge sumul, wurin ya zama fili, sai abin da ta ga dama.

Ta juyo za ta yi wa Goggo gwalo, sai ta ga faifan a ajiye. Tsohuwar na kallon ɗakin Ari da ke kulle, sannan ta kalli na Zalika. Nan Zalika ta gane, tausayi ya kama ta. Ba na'urar Goggo ke tsaro ba. Ɗaya ya tafi, ga ɗayar ma za ta riƙa wuni a waje, gida ya rage daga ita sai kaji.

Ta yi rubutunta, ta kashe, ta kunna, ta leƙa ta katanga. "Mushe! Don Allah zo ka karanta wa Goggo!"

Mushe Kolo ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya kamar a gaban aji. "Wannan na'ura ta Zalika ce. Goggo, ki sa mini albarka. Akwai kujerarki a shago."

"Ƙarya kake, Mushe."

"Wallahi Hajiya haka ta ce."

"Ita abar da kanta?"

"Da kanta."

Goggo ta ja gefen zane ta share ido, wai ƙaiƙayin wake ne. Washegari da sassafe mutanen tasha suka ga abin kallo: Zalika a baya tana ta dariya ta kasa tafiya, Goggo a gaba, ordinata naɗe cikin sabon zane bisa gammo, tana daka wa 'yan kabu-kabu tsawa su ba ta hanya, kayan 'yarta ne.