Sakiyar Tasalla

Shekarar da aka ba mu jihar Katsina, kumburi ya fito wa Tasalla, matar Rabe manomin auduga a Tsiga, a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Hajo uwar Rabe ta taɓa, ta ce saifa ce ta tara mugunya, sai sakiya: wanzami ya gasa kibiya ya huda wurin, ruwan ya fita.

Rabe ya yi ta magiya, aka fara zuwa asibiti Zariya. Aka shafa wa Tasalla mai a ciki, aka goga na'ura, hoton saifar ya fito kamar a talabijin. Ƙaramin likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce sai babbansu ya gani gobe. Ko allura ba a yi mata ba.

"Wannan ba asibiti ba ne, ɗakin hoto ne," in ji Hajo. Ta ja surukarta suka koma gida, Rabe ya tsaya.

Da safe babban likita ya nuna masa wani fari-fari a hoton. "Ga alama ba ciwon daji ba ne. Jijiyoyin jini ne suka dunƙule, ba kasafai muke ganin irinsa ba. Za mu riƙa dubawa. Amma kada komai ya huda wurin nan. In ya fashe, ba za ta kai asibiti ba."

Rabe ya san uwarsa, hali zanen dutse. Ya haye motar kaya, direba ya tsaya lodi a Funtuwa.

Ya tarar da hayaƙi a tsakar gida. Tasalla na kwance kan tabarma an danne ta, Manu wanzami na juya kibiya a garwashi.

"Baba Manu, dakata!"

"Sannu likita," in ji Hajo. "Ina maganin?"

"Babu, Inna."

"To, matsa."

Rabe ya sauko da salkar ruwa, ya dire gaban wanzami. "Huda wannan tukuna, ka tsayar da ruwan da hannunka. Abin da ke cikinta ke nan, sai dai nata jini ne."

Manu ya dubi salka, ya dubi Tasalla, kibiya ta yi ja wur.

"Hajo, da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Manu ya tsoma kibiyar a ƙwaryar ruwa, ta ce cuu. Tasalla ta tashi zaune. Hajo ta yi tsaki, ta ce a kwashe garwashin a ɗora tuwo.