Ranar da Ikkilisiya Ta Koma Gindin Bedi

Fasto Enoch na tsakiyar wa'azi sai ya ga kawunan mutanensa suna juyawa baya. A bakin ƙofar majami'a Gwaggo Fatu ce tsaye, tsohuwar da gidanta ke bayan nasa, ta riƙe ƙugu tana haki. Tun da aka gina ɗakin nan ba ta taɓa tako ko dokin ƙofarsa ba.

"Ku ce wa Fasto ya fito," in ji ta. "Ko sai ya gama? To, wancan ba zai jira a gama ba."

Kowa ya san wanda take nufi. Alfred birkila ne, mutumin kudancin Zariya, wanda aikin gini ya kawo shi Dutsin-Ma tun kafin a samu 'yancin kai, ya kama shagon ƙofar gidanta ya zauna. Ba mata, ba ɗa. Rabin gidajen siminti daga nan har Kurfi da hannunsa a ciki, wannan majami'ar ma shi ya ɗora ta bai karɓi ko sisi ba. Sai dai burkutu ta fi ƙarfinsa. Wata Kirsimeti ya shigo sujada yana tangaɗi, ya rungume mai ba da waƙa yana kuka, sai dattawa suka sa shi a horo: bencin baya, kuma ba shi ba Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙo mai tsarki, sai ya tuba a gaban ikkilisiya. Shekaru suka wuce yana zama a bencin bayan, yana rera waƙa fiye da kowa. Da damina ciki ya kumbura masa, ya daina zuwa.

Enoch ya ajiye Littafi ya fito.

"Gwaggo, ina kwana? Jikin nasa ne?"

"Jikin nasa kake tambaya ta? Katanga ɗaya ce tsakaninku. Ni ke dama mashi kunu, ɗana Ilu ke juya shi. Yau ya ce mani abincin nan naku na coci yake so kafin ya tafi. Na ce a faɗa mani yadda ake yi in dafa, ya ce sai kai. Mu dai in namu ya kwanta, liman ba ya jira a aiko."

Enoch ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama. Ya sha yin niyyar leƙawa, kullum sai ya rasa abin da zai ce wa mutumin da shi da bakinsa ya karanta wa hukunci.

Dattijo Kyauta, babban dattijon ikkilisiya, ya biyo shi waje yana gyara tabarau.

"Fasto, a je a yi masa addu'a, wannan ba laifi. Amma Jibi, ka san ƙa'ida. Sai a gaban ikkilisiya. In muka karya yau, gobe me za mu ce wa matasa?"

"Gaskiyarka, Baba. A gaban ikkilisiya." Enoch ya leƙa ciki, ya dubi 'yan mutanensa, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da matansu. "To, kowa ya ɗauki bencinsa."

Haka suka ratsa lungu, maza da benci a ka, mata da yara a baya, Lai'atu matar Fasto riƙe da tiren Jibi an rufe shi da farin ƙyalle. Masu awon hatsi suka bar mudu suna kallo. Ilu ya share gindin bedin ƙofar gida, ya kore awaki, ya buɗe ƙyauren shagon har bango don na ciki ya ga na waje.

Alfred na kwance kan gadon kara, ya rame sai idanu. Da ya ga benci na sauka sai ya yi murmushi.

"Fasto, wa ya mutu?"

"Ba kowa tukuna. Ikkilisiya ce ta zo. Kana da magana?"

Ya daɗe yana tattara numfashi.

"'Yan'uwa, na sha giya. Na kunyata ku ran Kirsimeti. Ku yafe mani." Ya tsaya. "Amma ba zan yi ƙarya a bakin kabari ba. Ciwo ne ya raba ni da ita, ba ƙoƙarina ba. Da zan tashi, ban san abin da zan yi ba. Abin da na sani, ina son Yesu, ko daga bencin baya."

Dattijo Kyauta ya matso kunnen Fasto.

"Wannan tuba ce kuwa?"

"Baba, shekara nawa muna jin tuba a ɗakin can? Ka taɓa jin wadda ta kai wannan gaskiya? An ba mu tumakin nan mu yi kiwo ne. In akwai laifi, a kaina."

Tsohon ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya shiga shagon da kansa, ya durƙusa, ya tallafo kan Alfred a kan hannunsa.

Enoch ya gutsura gurasa ya sa masa a baki, ya kai masa ƙoƙon. Alfred ya kurɓa, ya lumshe ido, ya tanɗe leɓe.

"Har yanzu zoɓo ne, Fasto?"

"Har yanzu zoɓo ne."

"Lai'atu ta rage tsami. Ya yi daɗi."

Dariya ta ɓarke a gindin bedi, wasu na yi suna share hawaye. Aka ɗauki waƙar da ya fi so, yana bi da leɓe kawai. Gwaggo Fatu na daga zaure, ta juya baya wai tana tsintar wake.

Alfred bai kai Lahadi ta gaba ba. Ya cika da hantsi, hannunsa cikin na Enoch, wanda tun ranar ya mayar da shagon wurin wuninsa. Ilu da abokansa 'yan kasuwar hatsi ne suka taya haƙa kabari, sannan suka koma gefe suka tsaya har aka gama.

Da la'asar, bayan masu gaisuwa sun watse, Enoch ya zo yi wa Gwaggo godiya. Ya same ta a ƙofar zaure da faifan gyaɗa a cinya. Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Zauna, ɗan nan. Tun safe kake tsaye."

Ya zauna a bakin tabarma. Ta turo faifan tsakaninsu. Ya ɗebi gyaɗar ya fara ɓarewa, ɓawon na zuba a kan baƙin wandonsa na jana'iza.